Kafin ka biya kuɗin adaidaita sahu: yadda ake gwada keke da yanke shawarar saye

Keken farko da na saya, da la'asar na je ganinsa. Mai shi ya wanke shi tas, tayoyi sai ƙyalli suke, injin kuwa yana kunne tun kafin in iso. Na hau ni kaɗai, na zaga layi ɗaya a kan kwalta, na dawo na ce na saya. Washegari da asuba sai da yaran unguwa suka tura ni kafin ya tashi, kuma wata bai cika ba na sauke injin. A farkon 2013 ne, lokacin da gwamnatin Kano ta hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja, mu da yawa muka jingine babur muka ruga neman mai ƙafa uku. Gaggawar neman abin kai wa bakin salati ta sa muka yi cinikin biri a sama. Har yau ina jin zafin kuɗin nan, shi ya sa duk wanda ya zo neman shawara ba na barinsa ya tafi sai ya ji wannan: ka gwada keke a irin yanayin da zai yi maka aiki, da sanyin safiya, da kaya a bayansa, a kan hanyar da za ka riƙa bi kullum.

Fara da sanin aikin da zai yi

Tun kana gida ka amsa wa kanka wannan. Haya za ka yi da kanka, ko ba wa yaro za ka yi yana kawo maka balas, wato kuɗin da kuka yanke zai riƙa ba ka? Cikin gari zai zauna yana zirga-zirga tsakanin Bata da Kabuga, ko kuwa hanyar ƙauye zai bi ranar kasuwa da buhuna? Ko na kai yara makaranta ne da hidimar gida? Keken fasinja irin su Bajaj RE da TVS King da Piaggio Ape injinsu ƙarami ne, yawanci wajen cc 200, an yi su ne don mutum uku a baya da direba. Idan jarkokin ruwa ko buhunan masara daga kasuwar Dawanau ne aikinka, mai buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya ya kamata ka nema. In ka ɗora wa na fasinja wannan nauyin kullum, kuloci da shokozoba za su riƙa cinye ribar.

Sannan ka leƙa garejin unguwarku ka ga wane iri ne ya fi yawa a hannun bakanike, ka kuma tambayi masu sayar da kayan gyara wanne ne kayansa ba sa yankewa. Keken da za a jira masa kaya sati biyu, komai ƙarfinsa, zai bar ka da yunwa.

Idan daga babur ka fito, sai ka sake koyo

Wannan matakin ne tsofaffin 'yan acaɓa suke rainawa, kuma shi ne yake kifar da su. Babur yana kwantawa a kwana, jikinka da shi ku karkata tare. Keke ba ya kwantawa. Kai za ka murɗa kansa da ƙarfin hannu, nauyinsa kuma ya riƙa jan sa zuwa wajen kwanar. Da yake taya ɗaya ce a gaba, biyu a baya, in ka shiga kwana da gudu tayar baya ta ɓangaren ciki za ta ɗaga. In ka firgita ka danna birki a tsakiyar kwanar, nauyi ya koma kan tayar gaba guda ɗaya, nan ne ake kifewa. Ana rage gudu tun kafin a kai kwana, a shiga a hankali, a ƙara wuta bayan an miƙe. Kuma kada ka taɓa sa ƙafa a ƙasa don tare shi kamar yadda ka saba, tayar baya tana nan tafe a bayan ƙafar.

Akwai kuma maganar faɗi. Keke ya kai wajen mita ɗaya da santimita 30, amma kai da ke zaune a tsakiya kansa kawai kake gani, sai ka ɗauka inda kai ya shige jiki ma zai shige. Haka ma rami: sawun taya uku kake ja, ka kauce da ta gaba, ta baya ta faɗa. Giya tana hannun hagu tare da kuloci, murɗawa ake yi, birki kuma yana ƙafar dama.

Saboda haka ka ari keken wani ɗan'uwa ko aboki, ku je fili, ka yi kwana biyu ko uku kana juyi, kana ribas, kana tsayawa da tashi. Wanda hannunsa bai faɗa ba, ranar gwaji hankalinsa yana kan kada ya faɗi, ba zai ji abin da injin yake gaya masa ba. Wani ma a filin nan yake gane cewa bayansa ko kafaɗarsa ba za su ɗauki sa'a goma a wannan kujerar ba, kuma gara ya gane tun bai biya ba.

Ka riski injin da sanyinsa

Ka sa lokaci da mai keke da sassafe, ka ce masa kada a tayar kafin ka zo. Ka tafi da bakaniken da kai ka ɗauko, kai za ka biya, wanda ba ruwansa da la'adar dillali. Da isarku ka buɗe ƙofar baya ka taɓa injin da bayan hannu. In ka ji ɗumi, an riga ka. Ba sai an yi faɗa ba, ka ce masa: “Alhaji, a yi haƙuri, gobe da safe ma dawo.” Mai gaskiya ba zai damu ba.

Kafin a kunna, ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza man tsakanin yatsu. In ka ga ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, cikin injin yana cin kansa. In man ya yi kauri fiye da kima kamar zuma, wataƙila an zuba shi ne don ya danne ƙara. A kwance fulogi a duba bakinsa: launin soyayyar gyaɗa shi ake so, baƙi mai maiƙo kuwa alama ce ta injin yana shan mai.

Yanzu a tayar. Lafiyayyen inji yana kamawa a bugu ɗaya ko biyu, da sitata da kuma sandar hannu da ke gefen direba, duka biyun ka gwada. Ka koma bayan salansa ka tsuguna. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin baƙin mai sau da yawa yana nufin zoben fistin ya tafi, sauke inji na nan tafe. Baƙin hayaƙi yawanci kafireto ne ko matatar iska, gyaransa da sauƙi, amma fetur yake sha kafin a gyara. A bar shi yana silo, wato yana aiki a tsaye, minti biyar ba tare da an taɓa totur, abin ba shi wuta, ba. In sai an riƙa ba shi wuta yake rayuwa, ka sa a ranka haka zai riƙa mutu maka a gosulon Kantin Kwari da fasinja a ciki. Ka saurara kuma. Ƙaramar ƙara “cik-cik” daga sama sau da yawa saiti kawai take so. Bugu mai nauyi daga ƙasan injin, “ƙwal-ƙwal”, wanda yake ƙaruwa in an ba shi wuta, wannan babban kuɗi ne.

Yayin da yake ɗumama, ka duba gangar jiki. Ka ja baya kamar taku goma ka kalle shi ta baya a wuri mai daidai: ya tsaya cak ko ya karkace gefe ɗaya? Ka ɗaga tabarmar ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinja, nan tsatsa take fara ci. Ka kwanta ka leƙa ƙasa da fitilar waya, kana neman sabuwar walda a wuyan keke inda kai ya haɗu da jiki, da kuma inda ƙafafun baya suka kama. Sabon fenti a wuri ɗaya tak a jikin tsohon keke tambaya ce da ke buƙatar amsa. Inji ana sake shi, tamfol da kujera ana ɗinka sababbi, amma keken da ya taɓa kifewa ƙashinsa ya murɗe ba ya komawa daidai, haka zai yi ta cin taya gefe ɗaya har ka gaji ka sayar. Tayoyin ma shaida ne, ka shafa su ka ji ko gefe ɗaya ya fi cinyewa. A ƙarshe ka sa a ɗaga gaban, ka kama tayar ka girgiza, ka juya kan hagu da dama. In akwai lako-lako ko wani wuri da yake cijewa, boris ɗin wuya ya mutu.

Kan hanya, da mutane a baya

A nan ne ainihin gwajin yake, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Minti arba'in zuwa sa'a guda, ba ƙasa da haka ba. Ka zuba man da kuɗinka don kada a ce maka mai zai ƙare.

Zagayen farko ka yi shi kai da bakanike kawai, a layin da babu cunkoso. Ka bi giyoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa. Kowacce ta shiga ba tare da kokawa ba, kuma ka iya samun firi cikin sauƙi in ka tsaya. Taurin giya sau da yawa waya ce ta bushe ko saitinta ya kwance, wannan ƙaramin abu ne. Wadda take fita da kanta bayan ta shiga, musamman ta biyu in an ba ta wuta, matsalar tana cikin akwatin giya. Ka sa ribas ka ja baya mai ɗan nisa, domin akwai keken da ribas ɗinsa ke shiga amma ya fice da an taka kaɗan. A miƙaƙƙiyar hanya ka sassauta riƙon kan, ba sakewa gaba ɗaya ba, ka ji ko yana ja gefe ko kan yana rawa.

Daga nan sai a cika shi. Manya uku a baya, ko buhuna masu nauyinsu in kaya zai riƙa ɗauka. Keken da ya yi ta tsalle da kai kaɗai, yanzu ne zai faɗi gaskiya. Ka tashi daga tsaye ka saurari baya. Ƙara “ƙat” a duk lokacin da ka saki kuloci ko ka ɗauke wuta tana fitowa ne daga sandunan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. In ka leƙa za ka tarar robar da ta rufe bakinsu ta yage, ƙasa ta shiga ta cinye su. Kukan da ke tashi yana ƙaruwa da gudu, “wuuu”, boris ne ko haƙoran ciki.

Gwajin kuloci kuwa ga yadda ake yi: kana tafiya a hankali ka sa giya ta huɗu, ka murɗa totur sosai. In injin ya yi nauyi yana ja sannu a hankali, kuloci na da rai. In ya yi ihu gudun bai ƙaru ba, yana zamewa.

Ka nemi tudu. A Kano gadojin sama sun wadatar, a wani garin kuma ba a rasa hawa. Ka hau da lodinka ka ga a wace giya yake iya kaiwa. In wuri ya ba da dama, a kan tudun da babu motoci, ka tsaya a tsakiya ka ja birkin hannu, ka ga ko zai riƙe, sannan ka tashi daga nan. Yawancin kekunan haya birkin hannunsu ya daɗe da mutuwa, direba dutse yake sa wa taya. Kada ka yarda a ce maka haka kowane yake.

Birkin ƙafa shi ne ran fasinjanka da naka, don haka ka yi masa gwaji uku. A tsaye ka taka ka riƙe rabin minti, in feda tana nutsewa a hankali, mai yana zurara a wani wuri. Kana tafiya a matsakaicin gudu, a miƙe, bayan ka gargaɗi na baya su riƙe, ka taka da ƙarfi: ya tsaya a miƙe, kada ya fizge ka hagu ko dama. Sannan ka sauka ka leƙa bayan kowace taya ko akwai jiƙar man birki. Fedar da sai an yi mata famfo sau biyu kafin ta kama, iska ce a ciki, kuma yaron da zai gifta maka a bakin makaranta ba zai jira taku na biyu ba.

Kada ka tsaya a kwalta. Ka shiga lungu mai gargada, ka bi ta yashi in akwai shi a hanyarka, ka tambayi na baya abin da suke ji. In kowane rami sai ƙarfe ya daki ƙarfe, shokozoba sun gama. Mata da tsofaffi suna gane irin wannan keken daga nesa, su bar shi ya wuce su tare na bayansa. Ka zaga shataletale a hankali ta yadda za ka ji ko yana neman ɗaga ƙafa fiye da wanda ka koya da shi.

Shan mai ba a tambayar mai keke, aunawa ake yi. Ka cika tanki fal kafin ku tashi, tankin bai wuce lita takwas da 'yan kai ba, ku yi zagayen, ku dawo gidan man nan ka sake cikawa. Abin da ya shiga shi ne abin da ya sha. Mitar yawancin tsofaffin kekuna ba ta aiki, sai ka auna nisan da taswirar waya, ko ka bi hanyar da wani direban da ka yarda da shi ya san abin da nasa yake sha a kanta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan awon ya fi kowane muhimmanci a lissafin ɗan adaidaita. In keken an mayar da shi mai amfani da gas, ka nemi takardar wurin da aka yi aikin, ka tabbatar tukunyar ta ainihi ce ba haɗin mai walda ba, ka kuma san nisanka da inda ake sayar da gas ɗin da tsawon layinsa.

Da kun dawo, ka kashe shi da zafinsa, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin, ku sha ruwa minti goma. Ka duba kwalin ko ya ɗiga. Sannan ka sake tayarwa. Akwai injin da ke tashi lafiya da sanyi amma ya ƙi da zafi, irinsa ne kake ganin direba na turawa a bakin kasuwa da azahar. Kafin ka bar wurin ka gwada fitila babba da ƙarama, sigina, fitilar birki, oda da abin share gilashi.

Sabo dal kuwa, dila ba zai ba ka ka zaga gari da shi ba. Sai ka yi wannan gwajin da irinsa a hannun wanda ya yi wata shida yana aiki da shi, ka tambaye shi abin da ya fara lalacewa.

Takardu

Lambar shasi da lambar inji da ke jikin ƙarfe su dace da na takarda harafi da harafi, kai da kanka za ka karanta. In wurin lambar ya sha gurza ko walda, ka tashi, komai arahar. Ka nemi rasit na asali, takardar kwastan, shaidar mallaka, lasin da inshora, da rajistar hukumar da ke kula da masu keke a jiharku, kamar KAROTA a Kano, ka tabbatar babu bashin haraji ko tara a kansa. Satar keke ta yi yawa, kuma wanda aka kama abu a hannunsa shi ne ɓarawo har sai ya kawo wanda ya sayar masa. Akwai kuma wanda zai sayar maka da keken da bai gama biyan kuɗinsa ba. Saboda haka ka san gidan mai sayarwa, ka je tasharsu ka tambayi shugabannin ƙungiya ko sun san keken da mai shi.

Lissafi kafin a ce an saya

Kada ka yanke a wurin. Dillali zai ce maka akwai wani yana hanya da kuɗi a hannu. Ka ce Allah ya sa rabonsa ne, ka tafi gida ka kwana a kan maganar.

Ka zauna da bakanikenka ku rubuta duk abin da gwajin ya tona, da kuɗin kowanne. Taya, batir, wayoyin giya, tamfol, shokozoba, faifan kuloci, waɗannan abin ragi ne a ciniki. Murɗaɗɗen ƙashi, lambar da aka taɓa, da bugun ƙasan inji, waɗannan abin fasawa ne. Ka haɗa kuɗin keke da na gyara, ka gwada da farashin wanda ya fi shi lafiya. Sau da yawa za ka ga araha ba ta ado.

Sai lissafin shiga da fita. Ka tambayi direbobi uku ko huɗu na hanyar da za ka bi abin da suke tashi da shi, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Ka cire mai, tikitin kullum, abincinka, juyen baƙin mai, faci, da wani abu da za ka riƙa ajiyewa don ranar sauke inji. Kada ka lissafa wata da kwana 30. Akwai ranar gareji, ranar rashin lafiya, ranar da ruwan Agusta zai cika hanya, ranar biki ko rasuwa. In lissafin bai tsaya a kan kwana 22 zuwa 24 ba, bai tsaya ba.

Ka sa dokar gari a cikin lissafin. Sunayen abin nan ma daga shirye-shiryen gwamnati suka fito: Keke Napep daga shirin yaƙi da talauci na zamanin Obasanjo da aka kafa a 2001, adaidaita sahu kuma daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Hannun da ya kawo shi yana iya taƙaita shi. Legas ta hana keke bin manyan hanyoyi da wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, Kano kuma ta hana shi aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a Yulin 2022. Ka bincika abin da ke aiki a garinku yau, ka tambayi kanka ko za ka iya ci gaba da biya in aka rufe maka hanyar da ka dogara da ita.

In kuwa biya sannu a hankali za ka karɓa, a nan mutane suka fi kuka. Jimillar kuɗin takan zarce farashin hannu nesa ba kusa ba, ka ninka biyan mako da yawan makonni ka ga adadin da idonka kafin ka sa hannu. A yanke farashi ɗaya tun farko, a rubuta, da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a kan bashi. Takardar ta faɗi kwana nawa za a ɗaga maka in ka gaza, wa zai ɗauki gyaran inji, me zai faru in an sace keken ko hukuma ta kama shi, da kuma makomar abin da ka riga ka biya in aka karɓe shi. Na san wanda ya biya fiye da rabi, ya kwanta jinya sati uku, ya tashi ya tarar an ba wani kekensa, ba shi da ko takarda ɗaya da zai nuna.

Ko kuɗi hannu ne, a rubuta takardar ciniki da lambar shasi da ta inji, da sunayen shaidu biyu, da sharaɗin cewa in wani ɓoyayyen aibi ya bayyana cikin kwana uku ko bakwai za a mayar. Ka biya ta banki don shaida ta zauna, ka karɓi makullai duka da takardun asali a zama ɗaya, sannan ka wuce da shi gareji kai tsaye a juye baƙin mai, a duba birki, kafin fasinjan farko ya shiga.